Dalma, Zinare da Walƙiyar Gama: Labarin Wani Malamin Fiziks daga Ƙasar Anka

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Gusau, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Anka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duniyar ilimi shi ne walƙiyar gama: wani haske mai tsananin ƙarfi da ke tasowa daga can nesa a sararin samaniya, ya yi 'yan daƙiƙoƙi ya ɓace, ba ido da ke ganinsa sai na'urorin da aka harba sama. Mutane da dama sun tambaye ni me ya haɗa ɗan mai haƙar zinare da wannan, a jihar da ake fama da tsaro da abin kai wa bakin salati. Tambayar tana kan hanya, amsarta kuma doguwa ce, shi ya sa na zauna na rubuta.

A shekarar 2010 ina ajin ƙarshe a sakandare. Zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, noma ya koma na biyu, kusan kowane magidanci a yankinmu ya shiga rami. Baba da Yayana su haƙo dutse su kawo gida a buhu. A tsakar gida ake farfasa shi da guduma, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa, irin wanda ke niƙa mana dawa da masara, a dawo a wanke garin a shanya. Ƙura ta ko'ina: kan tabarma, bakin randa, marfin tukunya. Yara suna rarrafe a cikinta suna kai hannu baki. Ba wanda ya ga aibu. Ƙasa ce, da ƙasa muka tashi.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sai yara suka biyo baya. Yaro zai fara amai, cikinsa na ciwo, ya daina wasa, sai jijjiga, sai a ce ya cika. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, tsofaffi suka ce iska ce ta ratso gari. An sha magani, an sha rubutu, an yi sadaka. Ɗiyar Yayana tana da shekara biyu da 'yan watanni, ta fara kiran sunana ke nan, a hannun Inna ta rasu da asuba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa mai ceto ce. Abin da ba zan manta ba shi ne, da aka dawo daga maƙabarta aka gama karɓar gaisuwa, a wannan tsakar gidan aka ci gaba da daka dutse, ƙanenta yana rarrafe kusa da turmin. Ba rashin imani ba ne, ba rashin ƙauna ba ne. Ba mu san daga inda abin yake fitowa ba. Da gaske ne rashin sani ya fi dare duhu.

A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF, da suka shigo sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aka gwada jini, aka samu dalma mai yawan da ya wuce hankali. Dutsen da muke haƙowa ashe cike yake da ita. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Gaba ɗaya an rasa yara sama da 400. Sunayen Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega suka shiga gidajen rediyon duniya.

Da masu auna ƙasa suka iso, aka nemi samarin da ke ɗan jin Turanci su riƙa raka su gida-gida. Na shiga. Aikina riƙe littafi da yi wa matan gida bayani. A nan na fara ganin na'urar da ta canza min hanya. 'Yar ƙarama ce, ta hannu, mai kunama da ɗan allo a bayanta. Mai aikin zai durƙusa, ya danna bakinta a ƙasa, ya ja kunamar, ya jira kamar rabin minti, lamba ta fito. A gidanmu ya auna zaure, lambar ta yi dama-dama. Ya auna ɗakin Inna, ta hau. Da ya kai gindin turmin sai ya ɗago ya dube ni, ya sake aunawa, sannan ya ce a ɗauke yaron daga wurin yanzu-yanzu. A Amurka ma'aunin da ake aiki da shi a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai kashi 400 ne cikin miliyan. A wasu gidajen yankinmu an samu sama da 100,000.

Na tambaye shi yadda ƙarfe ke ganin abin da ke cikin ƙasa ba tare da an tona ba. Ya ce na'urar tana harba hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, kowane sinadari kuma idan hasken ya doke shi yakan mayar da nasa hasken mai ma'aunin ƙarfi na kansa, dalma da nata, baƙin ƙarfe da nasa. Na'urar tana karanta abin da ya dawo ne. Na rubuta wannan a bayan littafin. Bayan haka aka kankare saman ƙasar gidajen aka kwashe, aka zuba sabuwa, aka ba yara magani mai fitar da dalma daga jini. Ƙanen marigayiyar ya rayu, Alhamdulillahi, ko da yake har yau karatu yana yi masa nauyi.

Abin da na ɗauka daga wannan shekarar guda ɗaya ne, kuma shi nake bi har yanzu. Mun san ana mutuwa tun kafin kowa ya zo. Saninmu bai ceci yaro ko ɗaya ba, sai ranar da wani ya iya nuna wuri da yatsa ya ce daga nan ne.

Na samu gurbin karatun fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A aji uku wani malaminmu, Allah Ya saka masa da alheri, yana koya mana na'urorin gano haskoki masu ratsa jiki, sai ya ɗan kauce ya ba mu labarin taurarin ɗan'adam masu suna Vela. A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyat da Birtaniya suka sa hannu kan yarjejeniyar daina gwajin makaman nukiliya a iska da cikin ruwa da sararin samaniya. Amurka ba ta yarda da abokiyar hamayyarta ba, sai ta harba Vela su yi mata gadi, domin fashewar nukiliya tana fitar da hasken gama. Ranar 2 ga Yuli 1967 suka ji wata walƙiya da ba ta yi kama da ta bam ba. Aka ajiye bayanin. Sai a 1973 Ray Klebesadel da Ian Strong da Roy Olson na cibiyar Los Alamos suka wallafa rahoton irin waɗannan walƙiyoyi guda 16, suka ce ba daga duniya suke ba, ba kuma daga rana ba. Malam ya ce daga nan aka shafe shekara 24 masana na jin ana walƙiya ba su san daga ina ba. Ina jin haka na gyara zama. Na san wannan halin.

Wahalar tana da tushe. Hasken gama ɗan'uwan hasken da muke gani ne, amma kowane ƙwayarsa ya fi na hasken ido ƙarfi sau dubbai har miliyoyi. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi kafin ya iso ƙasa, wanda rahama ce gare mu, amma hakan na nufin dole sai an fita sama a jira shi. Sannan ba ya lanƙwasuwa a gilashi, ba ya dawowa daga madubi, ratsa su yake yi ya wuce, don haka ba a iya tara shi wuri guda a ɗauki hoto kamar yadda madubin hangen nesa ke yi wa taurari. Ga shi ba ya sallama. Ba a san lokacinsa ba, ba a san kusurwarsa ba, kafin ka waiwaya ya ɗauke.

Dabara ta farko ita ce ta lokaci. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa. Taurarin Vela suna shawagi sama da kilomita 100,000 daga duniya, saboda haka walƙiya takan riski ɗaya kafin ɗaya da ɗan guntun daƙiƙa. Daga wannan tazarar ake lissafo zobe a sama, a ce tushen yana wani wuri a kan zoben. Da tauraro na uku sai a samu zobe na biyu, inda suka gitta nan ne ake zato. Daga baya aka riƙa ɗora irin waɗannan na'urori a kan kumbunan da ke tafiya wasu duniyoyi, domin iya nisan da ke tsakani iya kyawun lissafin. Aibinta jinkiri. Kafin a tattaro bayanai an yi kwanaki.

Dabara ta biyu ita ce a jera na'urori suna fuskantar kusurwoyi daban-daban, a duba wacce ta fi shan haske. Haka na'urar BATSE ta yi a kan tauraron Compton da aka harba a 1991, da idanu takwas. Kafin a sauko da shi a shekarar 2000 ta ƙirga walƙiya 2,704, kusan ɗaya a kowace rana. Ta nuna abu biyu. Na ɗaya, walƙiyoyin iri biyu ne: gajeru da ba su kai daƙiƙa biyu ba, da dogaye da suka wuce haka. Na biyu, daga kowane ɓangare na sama suke zuwa daidai wa daida. Da a cikin gungun taurarinmu suke, da sun taru a kan farin layin nan da ke ratsa sama a dare marar wata, inda taurarin gungun suka fi cunkushewa. Sai dai wurin da BATSE ke nunawa yakan fi faɗin cikakken wata sau da yawa, cikinsa kuwa akwai taurari da gungu-gungu ba iyaka. An san unguwa, ba a san gida ba.

Wanda ya warware ƙullin shi ne BeppoSAX, tauraron Italiya da Holand da aka harba a 1996. Ranar 28 ga Fabrairu 1997 ya ji walƙiya, injiniyoyi suka juya shi cikin awa takwas, ya ga ragowar hasken eksire yana dusashewa a wurin. Da wannan adireshin ƙungiyar Jan van Paradijs ta duba da madubin William Herschel a tsibirin La Palma, ta ga ɗan ɗigon haske yana mutuwa a gefen wani gungun taurari mai nisa. A watan Mayu na shekarar aka sake kama wata, aka warware haskenta a madubin Keck na Hawai, aka ga ya yi tafiyar biliyoyin shekaru kafin ya iso. Gardama ta ƙare. Kuma tunda daga wannan nisan ake jin su da wannan ƙarfin, to abin da suke fitarwa cikin daƙiƙoƙi yana iya kai abin da rana za ta fitar a tsawon rayuwarta ta shekara biliyan goma. A 2003 aka tabbatar cewa dogayen mutuwar manyan taurari ne: cikin tauraro ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa, ya feso wuta ta siraran hanyoyi biyu, mu kuma muna ganin wadda ta saito mu ne kawai.

Duk wannan na bi shi da sha'awa irin ta ɗalibi. Abin da ya taɓa ni har zuciya shi ne tauraron Swift, wanda hukumar NASA ta harba ranar 20 ga Nuwamba 2004, aka kuma ƙara masa sunan jagoransa Neil Gehrels bayan rasuwarsa. Swift yana gano wuri ne da inuwa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin rumfar zana ya san dabarar. Rana tana ratsowa ta ƙofofin saƙar ta zuba ɗigo-ɗigo a ƙasa, tana tafiya ɗigon na matsawa. Inna ba ta ɗaga kai ta dubi rana, ƙasa take kallo ta ce azahar ta yi. A Swift akwai wani faifai mai faɗin murabba'in mita 2.7, rabinsa a toshe rabinsa a buɗe, an warwatsa toshewar ba bisa wani tsari mai maimaituwa ba. Mita ɗaya a ƙarƙashinsa an shimfiɗa ƙananan idanu 32,768. Walƙiya na zuwa sai faifan ya yi inuwa a kansu, kwamfutar cikin tauraron ta duba ina inuwar ta karkata, ta lissafo inda hasken ya fito cikin daƙiƙoƙi. Daga nan, ba tare da jiran umarnin kowa ba, tauraron ya juya kansa cikin kamar minti guda ya saita madubansa biyu, na eksire da na hasken ido, su ƙara matse wurin har ya zama gungun taurari guda.

Ina kwance a ɗakin kwanan ɗalibai ina karanta wannan a waya, sai na zo kan layin da ya faɗi abin da aka yi toshewar da shi. Ƙananan fale-falen dalma ne, kusan 52,000, kowanne faɗin milimita biyar, kaurin milimita ɗaya. Na ajiye wayar. Shekaru ke nan ko sunan dalma ba na son ji. Dalilin zaɓenta a fili yake, nauyinta da cunkushewarta ne ke tare hasken, shi ya sa ake sa wa mai ɗaukar hoton ƙashi rigarta. Amma na daɗe ina juya abin a raina: ƙarfen da ya shiga jinin ɗiyarmu saboda ba mu san inda yake ba, shi aka yanka aka jera da lissafi, yana can sama yana nuna wa mutane inda abu yake. Ba zan ce wannan ya rage min zafin rashin ba, bai rage ba. Ya dai ɗaure ni da wannan fannin ɗaurin da ban iya kwancewa ba. A kan na'urar na rubuta aikina na kammala digiri.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne yadda ake raba labarin. Swift na samun wuri sai ya cillo shi ƙasa, wata hanyar sanarwa mai suna GCN ta watsa wa duk duniya cikin daƙiƙoƙi, kyauta, madubai masu sarrafa kansu su juya tun kafin a tashi mai su daga barci. Cikakken bayanin kuma a tashar Malindi da ke gaɓar tekun Kenya ake sauke mafi yawansa. Kowa yana iya karanta sanarwar, har da malamin sakandare a Gusau. Sunan kowace walƙiya ranarta ce: shekara, wata, rana. Ta haka aka kama ta 19 ga Maris 2008, wadda haskenta ya yi tafiyar shekara biliyan 7.5 amma ta yi kusan rabin minti tana da hasken da ido zai iya gani a dare mai duhu. Ta haka aka kama ta 23 ga Afrilu 2009, wadda ta tashi tun halittar sararin samaniya ba ta wuce shekara miliyan 630 ba.

Gajerun walƙiyoyin ne suka rage da sauran shakka, sai ranar Alhamis 17 ga Agusta 2017. Da misalin ƙarfe 1:41 na rana agogon Najeriya, na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar sararin samaniya da ta ɗauki kusan daƙiƙa 100, irin wadda ake sa ran ji idan gawarwakin taurari biyu, waɗanda ake kira taurarin niyutiron, suna zagaya juna har su yi karo. Daƙiƙa 1.7 bayan karon, tauraron Fermi, wanda aka harba a 2008 da idanu goma sha biyu masu duban kusurwoyi daban-daban, ya ji gajeriyar walƙiya. Tauraron INTEGRAL na Turai ma ya ji. Na'urar Virgo a Italiya da ƙyar ta ji wani abu, kuma wannan rashin jin ya taimaka, domin ya nuna cewa tushen yana ɗaya daga cikin 'yan kusurwoyin da kunnenta ba ya kamawa sosai. Aka haɗa duka aka samu ɗan yanki. Bayan awa goma sha ɗaya, dare ya yi a Chile, wani madubi mai suna Swope mai faɗin mita ɗaya kacal ya ga sabon ɗigo a gungun NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Cibiyoyi kusan 70 suka juya kansa. Yadda hasken ya sauya daga shuɗi zuwa ja cikin kwanaki ya nuna cewa a cikin tarkacen karon ana ƙera sinadarai masu nauyi, dangin da zinare da filatinom suke ciki.

A watan Oktoba aka sanar wa duniya, na kuma je gida ba da jimawa ba. Bayan isha'i muna zaune da Baba a ƙofar gida, ƙafarsa da rami ya taɓa ruftawa a kai tana miƙe. Na ce, "Baba, masana sun hango irin wurin da ake ƙera zinare." Na yi masa bayani iya yadda zan iya, cewa ana ganin kaso mai yawa na zinaren da ke cikin ƙasa daga irin wannan karon ya fito, tun kafin a halicci duniya. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Ikon Allah. To dalmar fa, ita daga ina?" Na ce wata a cikin tsofaffin taurari aka ƙera ta sannu a hankali, wata daga irin wannan karon, wata kuma yuraniyom ne ya rikiɗe ya zama ita a cikin duwatsu. Ya ce, "Tare aka aje su ke nan. Mu ne ba mu san mu raba ba." Daga nan ya shiga yi min faɗa kan wasu samari da suka koma kawo dutse cikin gari, ya ce in je in yi musu magana tunda ni suna jin tawa. Na je washegari. Wasu sun ji.

Da na fara koyarwa na ƙudurta cewa ɗalibaina za su taɓa wannan dabarar da hannunsu. Muka samo kwalin taliya, muka ja masa layuka gida-gida, muka jefa kwabo a kan kowane gida: kai a huda, wutsiya a bari. Ɗan Yayana, wanda aka ɗauke daga gindin turmi, yana zaune a wurina a lokacin, shi ya yanke ramukan da reza. Lissafi yana ba shi wuya, amma hannunsa ba ya rawa, ko gida ɗaya bai ɓata ba. Muka ɗora kwalin a kan bulo huɗu, muka shimfiɗa farar takarda a ƙasa, muka toshe tagogin ɗakin gwaji da buhuna. Ɗalibi ɗaya ya tsaya can nesa ya haska tocilan waya, wani ya zana inuwar, sannan aka shigo da rukunin da ke waje, waɗanda ba su ga inda mai tocilan ya tsaya ba. Da ma'auni da tsayin bulo da ɗan lissafin kusurwa suka nuna wurin, kuskurensu bai kai taku biyu ba. Ihun da suka yi sai da shugaban makaranta ya leƙo. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in tocila biyu aka haska lokaci guda fa, inuwar ba za ta cakuɗe ba?" Na ce za ta cakuɗe, kuma dalilin da ya sa aka warwatsa ramukan ba bisa tsari ba ke nan, don kwamfuta ta iya zare kowace inuwa daga cikin 'yar'uwarta. Tambayar da masu ƙera na'urar suka yi fama da ita ce ta yi, a aji biyu na babbar sakandare.

A Satumbar 2021 aka rufe makarantu aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni ba aji, ba sanarwa. Wasu ɗalibaina na ƙauye ba su dawo ba har yau.

Ranar Lahadi 9 ga Oktoba 2022, da ƙarfe 2:16 na rana agogonmu, Fermi ya ji walƙiyar da ba a taɓa auna mai haskenta ba. Ta cika idanunsa har suka kasa ƙirga. Swift ya kamo ta kusan awa guda bayan haka, kuma saboda tsananin haskenta aka fara zaton wani abu ne a cikin gungun taurarinmu, sai daga baya aka gane ragowar hasken walƙiyar ce daga nisan shekarar haske biliyan 2.4. Ta girgiza saman iskar duniya, can inda igiyar rediyo ke karo ta dawo. Wata cibiya a ƙasar Sin mai suna LHAASO ta kama burbushin ƙwayoyinta mafi ƙarfi. Masana sun ƙiyasta cewa irinta sau ɗaya take zuwa a shekara 10,000. Da na samu lambobin wurinta na zauna na lissafa, na ga a wannan lokacin tana saman Gusau ta gabas, kusan sulusin hanya daga gefen sama zuwa tsakiya. Da muka koma aji na sa ɗalibai suka sake lissafin da kansu, suka samu abin da na samu. Na tambaye su me suke yi a lokacin. Wani ya ce yana kiwo, wata ta ce tana wanke-wanke. Hasken ya sauka a kan iskar da ke samanmu duka, ba wanda ya ji ko ɗar.

Yanzu aikin yana sauya hannu. Swift ya cika shekara 20 a 2024, a lokacin da'irarsa tana saukowa saboda jan iska. A 2024 an harba Einstein Probe na ƙasar Sin a watan Janairu, da SVOM na Sin da Faransa a watan Yuni, wanda shi ma da inuwa yake gano wuri. A Afirka, cibiyar H.E.S.S. a Namibiya ta kama hasken wata walƙiya a 2019, madubin rediyo na MeerKAT a Afirka ta Kudu yana bin ragowar haskensu. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan don kada su ɗauka aikin na wata nahiya ne.

Akwai kuma Berto Monard, mazaunin Afirka ta Kudu da ba ma'aikacin wata cibiyar binciken taurari ba ne, sha'awa ce kawai. A Yulin 2003 ya samu sanarwa, ya juya madubinsa mai faɗin santimita 30, ya riga ƙwararru ganin ragowar hasken wata walƙiya. Irin wannan madubin da kyamararsa nake tara wa kuɗi, ni da wasu malamai biyu, muna ajiye abin da ya samu duk ƙarshen wata. Samanmu yana da kyau daga ɗaukewar damina zuwa saukar hazo. Daji ba ya fituwa da dare yanzu, don haka mun nemi izinin wani rufin bene a gefen gari inda fitilu ba su da yawa, an kuma ba mu. Kafin madubin ya samu, ƙungiyarmu ta ɗalibai tana haɗuwa duk Asabar da safe. Muna ɗauko sanarwar makon, kowa ya lissafa ko wurin yana samanmu a lokacin, da ƙarfe nawa zai fito da dare, da ko madubi mai faɗin santimita 30 zai iya kamo shi. Yarinyar nan mai tambayar tocila biyu ta gama, ta cike fiziks a takardar neman shiga jami'a. Ɗan Yayana yana koyon walda a Tudun Wada, kuma shi zai haɗa mana ƙafar da za a ɗora madubin. Ya riga ya zo ya auna rufin.